Kwana Arba'in a Kumasi, a Bakin Ƙofar Ɗakin Bakwaini

Idan kin taɓa zama a kan benci a wajen ɗakin da ake kwantar da jarirai bakwaini, kin san yadda mutum yake koyon karanta fuskar duk wanda ya turo ƙofa ya fito. Idan ba ki taɓa ba, Allah ya sa kada ki zauna, amma ki ɗan ba ni aron hankalinki. A cikin kowane jarirai goma da ake haifa a duniya, kusan ɗaya yana zuwa ne kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020 kaɗai. In bai zo ta kanki ba, zai zo ta kan ƙanwa, ko kishiya, ko maƙwabciya. Ni nawa bencin a Kumasi yake, a ƙasar Gana.

Ƙanwata ce take aure a can. Cikin fari ne, yana wata bakwai jininta ya hau, ƙafafu suka kumbura, ta fara gani dishi-dishi. Wata ranar Alhamis da daddare mijinta ya bugo waya, muryarsa tana rawa, ya ce an yi mata aiki an ciro 'ya mace, tana da rai, nauyinta kilo 1.3. Ki ɗauki babbar robar ruwan nan ta lita ɗaya da rabi ki ji a hannunki: ta fi yarinyar nauyi. Inna ba ta iya doguwar tafiya, sai aka ɗora min. Ta haɗa min kaya kamar yadda aka saba haɗa wa mai zuwa zaman jego: yaji, kanwa, turaren wuta, dabino, da zannuwan goyo guda huɗu. Ki riƙe lissafin kayan nan a ranki, za mu dawo kansu.

Daga Kano zuwa Legas, daga Legas zuwa Akra, sannan babbar mota zuwa Kumasi, tafiyar kilomita 250 ko kusa da haka, wadda cunkoso yakan mayar da ita ta rabin yini. Ban ga hanyar da kyau ba, hankalina yana kan waya. Abin da na tuna shi ne kore. Ko'ina itatuwa ne dogaye, da gonakin koko da ayaba, da tsaunukan Nkawkaw da hazo ya lulluɓe. A cikin dazuzzukan nan ne goron da kakanninmu fatake suke zuwa nema ta hanyar Gwanja yake fitowa, kuma fataucinsa yana cikin abin da ya kafa zangon Hausawa a Kumasi. Shi ya sa da na sauka a unguwar Aboabo ban ji baƙunta sosai ba. Ga mai koko da ƙosai, ga kiran salla, ga Hausa a bakin yara. Sai dai Hausarsu ba ta cika damuwa da bambanta "ya" da "ta" ba. Da wata dattijuwa ta tare ni tana cewa "ɗan ya zo da wuri, amma Allah zai raya shi", sai da gabana ya faɗi, na zaci an yi mana kuskuren saƙo ne.

Washegari da sassafe muka tafi asibitin. A nan na fara cin karo da dokar wurin, kuma laifina ne. Na taho da sauri, mayafi yana jan ƙasa, awarwaro a hannu, zobe biyu, waya a tafin hannu zan ɗauki hoto in tura wa Inna. Wata sista mai tabarau ta tsaya a gabana ba ta ce uffan ba, ta nuna min famfo. Na cire zobba da awarwaro, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu, na wanke da sabulu, tsakanin yatsu, ƙarƙashin farce, bayan hannu. Na gama na miƙa hannu zan ɗauki wayata, sai ta sake nuna min famfon. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Daga baya na fahimci cewa wayar nan da kike karanta ni a cikinta yanzu ta shiga kicin, ta shiga banɗaki, ta kwana a ƙarƙashin filo, kuma ba a taɓa yi mata wanka ba. Ƙwayar cutar da ni ba za ta ko sa ni atishawa ba tana iya shiga jinin bakwaini ta kashe shi a kwana ɗaya. Na lura kuma babban likita ma in ya zo a bakin famfon nan yake tsayawa, kuma daga wannan jariri zuwa wancan sai ya sake goge hannu.

Ɗakin yana da ɗumi, ga ƙara iri-iri da ba ta tsayawa: wata na'ura tana ƙit-ƙit, wata tana kuka in lamba ta sauka, ga wani gurgur kamar tukunya ta fara tafasa. Yarinyarmu tana cikin kwalba ta uku daga taga, ba komai a jikinta sai 'yar hula da ƙyallen fitsari. Fatarta ja, siririya, kina ganin jijiyoyi ta ciki. A jikin katinta an rubuta sunan uwarta, amma ma'aikatan Yaa suke ce mata, wato sunan da Ashanti suke ba macen da aka haifa ranar Alhamis. Na ce ai mu ma muna da shi, Lami. Tun daga ranar ta zama mai suna biyu kafin a raɗa mata na yanka.

Kwalbar nan da muke jin tsoron sunanta, akwatin ɗumi ce kawai. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe zafin jiki, fatarsa tana zubar da ruwa da ɗumi, kansa kuma babba ne a kan jikinsa, shi ya sa hula ba ado ba ce a wurinsa. Ana so zafin jikinsa ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5. Wani likitan haihuwa a birnin Faris, Stéphane Tarnier, shi ne ya fara amfani da irinta a wajen 1880, bayan ya ga na'urar ƙyanƙyasar ƙwan kaji. Gurgur ɗin da na ji kuwa, na'urar taimakon numfashi ce. Huhun bakwaini yakan rasa wani maiƙo da yake hana shi manne wa juna in an fitar da iska, sai a sa masa 'yan robobi a hanci suna tura iska a hankali don huhun ya zauna a buɗe. Ƙarshen robar yana nutse a cikin gorar ruwa, zurfin da aka nutsa shi shi ne yake ƙayyade ƙarfin iskar. In kumfa ta daina tashi, akwai inda iska take zurarewa. Duk wanda yake ɗakin, har mai shara, kunnensa ya san wannan sautin.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne labarin daren haihuwar, wanda ƙanwata ta ba ni a guntu-guntu. Ashe aikin ɗakin jarirai tun kafin a haifi jaririn yake farawa. Da likitocin mata suka ga jinin ya ƙi sauka kuma ana gudun jijjiga, sun yi mata allurar da take hana jijjigar, sun kuma yi mata wata da take gaggauta nunar huhun ɗan da yake ciki. Sannan suka aika wa ɗakin jarirai cewa ga bakwaini nan tafe, mako 30. Kafin a sa wuƙa, an kunna kwalba ta yi ɗumi, an gwada robar hura iska, likitan yara da nas suna tsaye a cikin tiyata da tawul mai ɗumi. Ana ciro ta aka miƙa musu, masu uwa suka ci gaba da uwa, masu 'ya suka juya kan 'ya. Minti na farko shi ne abin ji: in jariri bai yi numfashi ba a cikinsa, ba a tsayawa jijjiga shi ko watsa masa ruwa, hura masa iska ake yi. Mijin ƙanwata ya ce da aka wuce da ita ta gabansa a cikin leda, kai kawai a waje, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa, ya zaci shi ke nan. Ashe ledar ta riƙe ɗumi ce.

A makon farko ban gane komai ba sai shiga da fita. A na biyu na fara ganin tsarin. Sau uku a rana ake canjin aiki, kuma babu mai ɗaukar jakarta ta tafi sai an zagaya kwalba-kwalba, mai tafiya da mai karɓa, kowa da takarda. Nawa ta sha, ta yi amai ko ba ta yi ba, fitsari sau nawa, kashi wane launi, cikinta laushi ko tauri, sau nawa numfashinta ya tsaya, wane magani ya rage, wane gwaji ake jira. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne, tunda duk an rubuta. Amma takarda ba ta cewa "yau ba ta son a juya ta hagu", ko "uwar ta yi kuka da asuba, a lallaɓa ta". Jariri ba ya magana. Abin da zai faɗa da bakinsa, bakin nas ɗin da ta kwana a kansa ne yake faɗa.

Da hantsi kuma likitoci suke zagaye. Babban likita, da ƙananan likitoci masu neman ƙwarewa, da sistar da take riƙe da ɗakin, wani lokaci har da mai harhaɗa magunguna. Mu a gida mun saba in likita yana magana kowa ya yi shiru. A nan na ga babban likita yana juyawa ya tambayi nas me ta gani kafin ya yanke hukunci, kuma na ga ranar da nas ta ce a'a, a ƙara wa wani yaro kwana ɗaya kafin a cire masa robar hanci, aka kuma bi maganarta. Dalilin a fili yake: likita yana ganin jariri na 'yan mintuna, nas tana tare da shi yini ko kwana.

Akwai ma tarihi a bayan wannan. Kin ga shuɗiyar fitilar nan da ake kunna wa jariri mai shawara, a rufe masa ido? Asalinta daga idon wata nas ne. A shekarar 1956, a wani asibiti a garin Rochford na Ingila, Sista Jean Ward takan fitar da bakwaini su sha hantsi. Sai aka lura jikin wani jariri ya washe daga rawayar shawara, ban da inda zani ya rufe. Likitoci suka ɗauki abin da muhimmanci, suka bincika, a 1958 aka wallafa sakamakon, daga nan aka ƙera fitilar. Lami ma ta yi kwana uku a ƙarƙashinta. Sai dai kada ki ce za ki shanya jariri mai shawara a rana a tsakar gida ki zauna jira. Shawarar da ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma gwajin jini ne kaɗai yake nuna inda ta kai.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta tara. Ƙanwata ta fito daga ba da nonon ƙarfe tara na dare ta zauna kusa da ni, ta ce, "Yaya, yau ba ita ba ce." Na tambaye ta me ta gani. Ta ce ba ta san yadda za ta faɗa ba, kullum in ta taɓa tafin ƙafarta takan janye, yau ta bar mata. Ni da wayona na ce gajiya ce, ta je ta kwanta. Allah ya sa ba ta ji maganata ba. Ta koma ta gaya wa nas ɗin dare. Nas ɗin ba ta ce mata ke me kika sani ba. Ta duba takarda, ta ga zafin jikin ya ɗan sauka duk da kwalba tana yadda take, ta ga numfashin ya tsaya sau biyu tun magariba, alhali jiya bai tsaya ba ko sau ɗaya. Ta kira likitan da yake kwana. Yana cikin dubawa na'ura ta fara kuka, yarinya ta yi shiru, leɓenta ya fara sauya launi. Ta gilashin ƙofa nake kallo. Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya yi gudu. Ɗaya ta shafa bayanta tana murza tafin ƙafa, da bai isa ba likitan ya ɗora mata robar hura iska, ɗaya nas ɗin tana faɗin lambobin da na'ura take nunawa da ƙarfi don mai hurawa kada ya ɗauke ido. Ban san ko minti ɗaya aka yi ba. Ni dai na ga shekara.

Kafin sha biyun dare an ɗebi jini an kai ɗakin gwaji, an fara mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an jira sakamako ba, domin a bakwaini jira yana iya zama asara. Da safe sakamakon ya nuna alamun cuta ta shiga jini. Ta yi kwana bakwai ana yi mata allura, ta warware. Ki bi sarƙar da kanki: uwa, nas, likita, mai gwaji, mai magani. Ko ɗaya a cikinsu ya raina wanda yake gabansa, da wani labarin nake ba ki. Ni da na ce gajiya ce, har yau in na tuna sai in ji kunya.

Tsayawar numfashin nan, in ta kai daƙiƙa 20 ko ta zo da sauyin launi, abu ne sananne a bakwaini, domin sashen ƙwaƙwalwar da yake tuna wa jiki ya ja iska bai gama nuna ba. Da na tambayi sunan maganin da ake ba ta kullum saboda haka, sai aka ce kafin, sinadarin nan da yake cikin kofi da goro. Na yi dariyar da na kwana biyu ban yi ba: jikar masu cin goro ta zo ƙasar goro ana ba ta abin da yake cikin goro. Amma wannan na asibiti ne, tatacce, ana auna shi daidai da nauyin jariri. Kada wata ta ji wannan ta jiƙa goro.

Maganar nauyi ta kai ni ga mutanen da ba a cika gani ba. Kowace safiya ana ɗora jariri a sikeli, kuma lambar da aka samu ita ce ake lissafa komai da ita: yawan nono, yawan ruwan da ake ƙarawa, yawan magani. Kuskuren ɗigo ɗaya a lissafi yana iya ninka magani sau goma. Shi ya sa za ki ga nas biyu sun haɗa kai a kan sirinji ɗaya, ɗaya tana karantawa ɗaya tana dubawa, kuma mai harhaɗa magunguna yakan dawo da takarda ya ce a sake duba wannan. Ga mai gyaran na'urori, wani saurayi mai shiru-shiru da jakar kayan aiki, wanda in ya shigo sistoci suke masa fara'ar da ba sa yi wa kowa. Ga masu turo tukwanen iskar oksijin. Ita ma iskar, na koyi cewa magani ce mai iyaka. In ta yi kaɗan ƙwaƙwalwa ta wahala, in ta yi yawa tana lalata jijiyoyin idon bakwaini. Mawaƙin nan na Amurka, Stevie Wonder, bakwaini ne da aka haifa a 1950, kuma wannan ciwon idon ne ya makantar da shi. Don haka nas take yini tana ƙarawa tana ragewa, tana tsare lambar tsakanin 90 da 95 ko kusa da haka, kuma don haka aka kawo likitan ido ya duba Lami da ta kai wata guda.

Sai kuma mai shara, wata Bahaushiyar zango da ta manyanta. Ita take goge ƙasa da famfo da hannun ƙofa, ita ce kuma ta zama tafintarmu in Turanci ya ƙare mana aka koma yaren Tuwi. Ta san uwar da ba ta ci abinci ba, ta san wadda mijinta bai zo ba kwana uku, kuma takan rada wa sista. Ita ta fara ce min, "Hajiya, kin zo jego ne ko kin zo gadi? Ki shiga ki karɓe ta ta huta."

Abin da take nufi shi ne goyon ƙirji. Ana tuɓe jariri, a bar masa hula da ƙyalle, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonon uwa, fata da fata, kansa a juye gefe, a ɗaure da zani. Turawa suna kiransa goyon kangaru, saboda dabbar nan ta Ostireliya mai renon ɗanta a cikin jakar cikinta. An faro shi ne a 1978 a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, a wani babban asibitin haihuwa da jarirai suka yi wa kwalabe yawa har ana haɗa biyu ko uku a guda, cuta tana yaɗuwa. Wani likitan yara, Edgar Rey Sanabria, ya ce a mayar da su jikin iyayensu. Jikin uwa yana ba da ɗumi daidai, numfashin jariri yakan daidaita, nono yakan zubo.

Shekaru da yawa ana jira ne sai jariri ya murmure kafin a fara. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci wani bincike a asibitoci biyar, a Indiya da Malawi da Tanzaniya, da asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, da kuma asibitin koyarwa na Komfo Anokye a nan Kumasi, wanda mutanen gari suke ce wa "Ji", inda takobin nan da ake cewa babu mai iya zare shi daga ƙasa yake kafe. Jarirai 3,211 aka sa a ciki, masu nauyi daga kilo 1 zuwa ƙasa da 1.8. Rabi aka fara musu goyon ƙirji tun daga haihuwa, ko da suna kan na'ura, rabi aka bi tsohon tsari. A cikin kwana 28 na farko, kashi 12 cikin ɗari ne suka rasu a rukunin farko, a na biyu kuwa kashi 15.7. Bambancin ya fito fili har aka tsayar da binciken kafin lokacinsa. An wallafa shi a 2021, a 2022 kuma hukumar ta sauya shawararta: a fara nan take, a yi awa 8 zuwa 24 a rana. Abin da ya burge ni a ciki shi ne, don a yi haka sai da aka shigar da gadon uwa cikin ɗakin jarirai, wato dole likitocin mata da ungozomomi da likitocin yara su yi aiki a ɗaki ɗaya. Da can uwa tana wani bene, ɗanta yana wani.

To a nan zannuwan Inna suka yi rana. Ƙanwata da ɗinki a ciki ba za ta iya awa ashirin ba, sai muka raba: ita, ni, da mijinta in ya taso daga kasuwa. Ranar da ya fara cire riga ya zauna a kujera da 'yarsa a ƙirji, kunya kamar ta kashe shi, ya ƙi haɗa ido da ni. Bayan kwana uku shi yake tambaya ko lokacinsa bai yi ba. Ni kuwa da na goya yara huɗu a baya, ban taɓa jin abin da na ji ba da aka ɗora min wannan 'yar mitsitsiyar a gaba, numfashinta yana taɓa wuyana kamar gashin tsuntsu.

Nono ma aikin gayya ne. Bakwaini ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai ya kai wajen mako 32 zuwa 34, don haka da farko ta siririyar roba ake zuba masa, daga hanci ko baki zuwa ciki. Mililita 2 aka fara ba Lami, bai kai rabin ƙaramin cokali ba. Dakashin nan da wasu cikinmu suke matsewa su zubar wai ba shi da kyau, a can ɗigo-ɗigo ake tara shi a sirinji kamar zinariya, domin shi ne rigakafin farko kuma yana kare hanjin bakwaini. Ƙanwata tana tatsa aƙalla sau takwas a yini da dare. Wata ungozoma ce ta zauna da ita ta koya mata inda za ta ɗora yatsu. Daga roba aka koma ɗan kofi, daga kofi aka koma nono. Nauyin ya fara sauka a makon farko, kamar yadda aka ce mana zai yi, ya dawo inda ya faro a wajen mako biyu, sannan ya riƙa hawa giram ashirin, ashirin da biyar. Ban taɓa sanin giram ashirin zai sa babbar mace rawa a barandar asibiti ba.

Inda muka yi ja-in-ja shi ne jego. Inna tana bugo waya kullum: an fara wanka? An dama kunun kanwa? Na tambayi likitan ƙanwata, ta girgiza kai. Mai hawan jini, kanwa gishiri ce a jikinta. Ashe ma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da shan kanwa da yawa tare da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Turaren wuta ma aka ce a nisanta shi daga huhun bakwaini. Ban iya faɗa wa Inna kai tsaye ba, sai na riƙa cewa likita ya ce a dakata. Na san wasunku za su ce mu duk da shi aka rene mu kuma ga mu. Haka ne. Ni dai abin da na gani da idona nake ba ki. Ranar suna aka yanka rago a Aboabo, aka raɗa suna a masallaci, mai sunan tana cikin kwalba, uwarta tana tatsar nonon ƙarfe tara.

Ba kowa ne ya fita da nasa ba. Matar da gadonta yake kusa da na ƙanwata ta rasa ɗanta a kwana na sha biyu. Na ga nas ɗin da ta yi ta fama da shi ta fita bayan ɗaki ta jingina da bango, wata ta bi ta da ruwa, bayan ɗan lokaci ta dawo ta tsaya a famfo ta wanke hannu, domin lokacin nonon sauran ya yi.

A kwana na 36 aka sallame mu, nauyinta kilo 1.7. Kafin nan sai da sistar mai tabarau ta zaunar da mu uku ta sa muka maimaita alamomin da in mun gani za mu dawo ko tsakar dare ne: ƙin shan nono, sanyin jiki ko zazzaɓi, numfashi da sauri ko tsayawarsa, faɗawar ƙirji, rawayar ido da tafin hannu, jijjiga, ko yarinya ta yi laƙwas. Ta ce goyon ƙirji ya ci gaba a gida har sai ita da kanta ta fara ƙin zama, 'yan barka su gani daga nesa, mai mura kada ya shigo. Ta rubuta ranar dawowa awo da ta likitan ido.

Yajin jego mun cinye shi tas da farfesu. Dabino ya tafi wurin masu jinya a kan benci. Turaren wuta na dawo da shi Kano yadda na tafi da shi. Kanwar kuwa maƙwabciyar ƙanwata ce ta karɓa, domin da ita suke dafa wake da shinkafarsu mai jan launin karan dafi, wadda suke kira waakye. Daren da zan taso ta dafa babbar tukunya, muka zuba a kuloli biyu muka kai wa masu aikin dare. Na tsaya a bakin ƙofa na miƙa, ban shiga ba. Ta gilashi na hango kwalba ta uku daga taga, an riga an sa wani a ciki, da 'yar hula shuɗiya.